Maganin ƙwari da ke buƙatar a ba shi mako guda

Shekara shida ke nan ina aiki a rumfunan leda na Almeriya, kudancin Sifaniya, inda sama da hekta 30,000 ke lulluɓe da farar leda. Na zo da tunanin da na taso da shi a gida: maganin ƙwari mai kyau shi ne wanda za ka fesa da safe, kafin azahar ka ga gawarwaki a ƙasa. In warinsa bai sa ka tari ba, ai ruwa aka sayar maka.

Nan ma haka suke a da. A ƙarshen 2006 aka gano ragowar haramtaccen magani a tattasan da aka kai Jamus daga yankin nan, kasuwa ta juya wa manoman nan baya, ga shi kuma ƙwarin sun riga sun saba da gubar, feshi ba ya yi musu komai. Dole ce ta sa daga 2007 manoma suka koma sakin ƙwari masu cin 'yan uwansu, ana tallafa musu da fumfuna da man tsirrai. Ba su fi manoman gida hankali ba, uwar bari suka gani.

Fumfunar da muka fi fesawa ana kiranta Beauveria bassiana, sunan da ta samo daga Agostino Bassi, ɗan Italiya da ya nuna a 1835 cewa ita ke kashe tsutsar siliki. Gari ne mai laushi, a dama a ruwa. Ƙwayar irinta kan liƙe a jikin ƙwaro, ta tsiro, ta huda fatarsa, ta cinye shi ta ciki. Ranar farko ba ka ganin komai. Rana ta uku ma farin ƙuda, ɗan ƙaramin ƙwaron da ke tsotsar ganye, na nan yana tashi in ka taɓa ganye, zuciyarka na ce maka an yi asara. Sai wajen kwana na shida na juya wani ganye, na tarar da su a bushe, kowanne ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa auduga. Na daɗe a tsugune ina kallo.

Amma abu ne mai rai, dole a lallaɓa shi. Zafin rana na kashe shi, shi ya sa muke feshi da yamma, lokacin da iska ta ɗan yi laima. Ana ajiye shi a wuri mai sanyi. Akwai ranar da aka zuba shi a tankin da ba a wanke sosai ba bayan maganin kashe fumfuna, aikin yinin nan duka ya tafi a banza. Ina zargin da yawa daga masu cewa "mun gwada bai yi ba" irin wannan ce ta same su, ba wanda ya yi musu bayani.

Ko a busasshiyar ƙasa an samo dabara. Wani shirin bincike kan yaƙi da fara mai suna LUBILOSA da aka soma a 1989 ya gauraya wata fumfuna, Metarhizium, da mai don kada ta bushe, aka samu maganin fara mai suna Green Muscle. Irin wannan fumfunar aka fesa a Somaliya lokacin farar 2020. Takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, amma ba ta taɓa tsuntsu ko dabbar da ke kiwo a wurin.

Man tsirrai kuwa, a nan nake rabuwa da masu zuzuta shi. Man darbejiya na aiki: yana hana ƙwaro ci, yana hana tsutsa saɓa, sai dai rana na lalata shi cikin 'yan kwanaki, dole a maimaita. Man kanumfari na fasa fatar bakteriya, kuma a ɗakin gwaji abin na burgewa. A gona yakan bi iska da wuri, in ka cika hannu kuma ya ƙone ganye. Na ga layin tsirrai da ganyensu ya babbake saboda wani ya ɗauka tunda daga itace ya fito ba zai yi illa ba. Ciwon bakteriya in ya riga ya shiga jijiyar shuka, tuge ta ka fitar ya fi kowane mai.

Duk da haka ina tare da wannan hanya, don na san yadda fatar hannuna take a da, na san yadda take yanzu. Kwanan baya yayana ya kira ni, ya gwada irin wannan fumfunar, kwana biyu bai ga gawa ba, yana shirin bin ta da guba. Na ce, "Yaya, don Allah ka ba shi mako guda, kullum ka riƙa juya bayan ganyen kana dubawa." Ya yi shiru, sannan ya ce zai jira zuwa Asabar.