Wahalar shanu daga Potiskum zuwa Oko-Oba

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa mayankar Oko-Oba a Agege ya ga yadda ake sauke shanu daga tirela. Sun kwana biyu ko uku a hanya daga Potiskum ko Mubi, a cunkushe, ƙahon wannan na sukar haƙarƙarin wancan, ba ruwa ba ciyawa. Wani bijimin ko miƙewa ba ya iyawa, sai a murɗe masa wutsiya, a ja shi a ƙasa. Na taɓa yi wa wani dattijon mahauci maganar, ya dube ni ya ce, "Malam, ai yanka za a yi." Mutumin kirki ne, amma a nan ban bi shi ba.

Masu binciken nama sun daɗe da gano cewa dabbar da ta galabaita kafin yanka tana ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarta. Wannan sukarin ne ke komawa ɗan tsami bayan yanka, tsamin kuma shi ke sa nama ya jima bai lalace ba. In ya ƙare tun a mota, naman sai ya fito duhu-duhu, a bushe, ya yi saurin ɗoyi. A zafin Legas, ga rashin wuta, wannan asara ce tsagwaronta, kuma a aljihun mahauci take sauka. Ga kuma wurin da duka ya tara jini, dole a yanke a zubar.

A Ingila tun 1965 kwamitin Farfesa Brambell ya duba halin dabbobin gona, daga nan aka samo ƙa'idar kare su daga yunwa, ƙishi, ciwo da tsoro. Mu fa? Sashe na 495 na dokar manyan laifuka ya hana zaluntar dabba, hukuncinsa ɗaurin wata shida ko tarar naira 50. Naira hamsin! Da Legas ta tuna da shanu a 2021, dokar hana kiwon sake ta yi, ba ta jigilarsu ba.

Masu cewa wannan bidi'ar Turawa ce su tuna an umarce mu da wasa wuƙa da hutar da abin yanka, kuma a makarantar allo muka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa.

Laifin masana a wurina shi ne sun tsaya a takarda. Su zo kara, su zauna da sarkin fawa da dillalai da direbobi, a auna nauyin sa a Potiskum, a sake aunawa a Agege, a buga bambancin da naira. Falken da ya ga wannan lissafin da kansa zai nemi a gina zangon shayarwa a Mokwa ko Jebba, kamar yadda kakanninsa suke yada zango lokacin da ake koro shanu a ƙasa.