Ƙuri'a 979 a Lesta, da Maganar da Kawuna Ya Yaɓa Mini a Fagge

Watanni kaɗan bayan babban zaɓen Birtaniya na ranar 4 ga Yulin 2024 na zo gida hutu, kuma a daren da na je gaida kawuna a Fagge na tarar da majalisarsa ta bayan sallar isha'i ta cika kamar yadda na baro ta. Da hira ta gangaro kan siyasa, sai na ba su labarin mazaɓar da nake zaune a cikinta, wato Lesta ta Kudu, inda wani mai gwajin ido da yanka tabarau, wanda ba shi da jam'iyya, ya kayar da ɗaya daga cikin jiga-jigan jam'iyyar Leba a daidai daren da jam'iyyar ta lashe mulkin ƙasar. Kawu ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce: “Ɗan nan, can da kai ake zaɓe, mu nan da ciki ake yi. Ka daina haɗa mu da su.” Majalisa ta ɗauki dariya, ni ma na yi yaƙe, domin ba a mayar wa babba magana a gaban abokansa. Amma maganar ta biyo ni har cikin jirgi, kuma ban yarda da ita ba.

Zan fara da abin da idona ya gani, tunda ni ma na jefa ƙuri'a a wannan zaɓen. Dokar Birtaniya ta ba 'yan ƙasashe renon Ingila da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida damar yin zaɓe, don haka ɗan Najeriya mai takardar zama yana da ƙuri'a daidai da ta Bature. Ranar Alhamis ake yi, ba a ba da hutu, ba a hana zirga-zirga, kantuna a buɗe, motocin haya suna ta kai-kawo. Rumfa tana buɗewa ƙarfe 7 na safe ta rufe ƙarfe 10 na dare. Tawa wani ɗan zauren taron unguwa ce, da na shiga bayan tashi daga aiki na tarar da mata biyu zaune a bayan teburi da kundin sunaye da kofunan shayi. Na nuna fasfo, domin tun 2023 aka fara tilasta nuna shaida mai hoto, aka ja layi a kan sunana, aka miƙo mini takarda. A ɗan lungun da ake shiga akwai fensir ɗaure da zare, da shi na yi alama a gaban sunan wanda nake so, na ninke takardar na jefa a akwati. Babu tawada a babban yatsa, babu ɗan sanda, babu wakilin jam'iyya da ke leƙen kafaɗata, kuma duka lamarin bai kai minti biyar ba. Na fito ina jin kamar an rage mini wani abu, kamar wanda ya je ɗaurin aure ya tarar babu kowa sai liman da waliyyai.

Da dare aka kwashe akwatunan zuwa babban zaure guda, aka zazzage takardun a kan dogayen tebura, aka ƙirga da hannu a gaban wakilan 'yan takara. Kafin gari ya waye aka jera 'yan takarar a kan dandamali, babba da ƙarami kafaɗa da kafaɗa, jami'in zaɓe ya karanta abin da kowa ya samu. Shockat Adam, ɗan takara mai zaman kansa, ya samu ƙuri'a 14,739. Jonathan Ashworth na Leba, wanda ya riƙe kujerar tun 2011, wanda a 2019 ya ci da ratar 22,675, kuma wanda kowa ke sa ran zai zama minista a washegari, ya samu 13,760. Ratar ƙuri'a 979 ce. Adam ya ɗaga gyalen Falasɗinawa ya sadaukar da nasarar ga mutanen Gaza, aka watse. Ba a ce zaɓe bai kammalu ba, ba a garzaya kotu don ƙwace kujerar ba, duk da cewa Ashworth ya koka daga baya kan tsangwamar da ya ce an yi masa lokacin yaƙin neman zaɓe.

Wannan shi ne abin da ya burge ni, kuma shi na kai wa majalisar Kawu. Sai dai da na dawo na zauna na duba tarihin mazaɓar da kyau, na ga cewa kaifin basirar da Kawu yake jingina wa mutanen can bai kai yadda yake zato ba. A 1983 masu ra'ayin riƙau, wato jam'iyyar Conservative, sun ci kujerar da ƙuri'a 7 kacal, Jim Marshall na Leba ya ƙwato ta a 1987, kuma daga wannan shekarar zuwa yau sau biyu ne kawai ta kuɓuce wa Leba. Na farko a zaɓen cike gurbi na 2004, bayan rasuwar Marshall, lokacin da fushin yaƙin Iraƙi ya kai Parmjit Singh Gill na Liberal Democrats majalisa, shi ma bai shekara ba Peter Soulsby ya mayar wa Leba kujerarta a 2005. Na biyu shi ne na 2024, bayan da a watan Nuwamban 2023 shugabannin Leba suka umarci 'yan majalisarsu su ƙaurace wa ƙuri'ar neman tsagaita wuta a Gaza, mutum 56 suka bijire, Ashworth kuwa ba ya cikinsu. Unguwanni irin su Highfields da Spinney Hills, inda Musulmi suka yi yawa, inda za ka ji kamar kana wani yanki na Indiya ko Somaliya saboda kantunan kayan yaji da masallatai a kowace kwana, su ne suka riƙe wannan a zuciya. Ke nan a cikin shekara 37, yaƙe-yaƙen ƙasashen waje ne kawai suka iya raba mutanen nan da jam'iyyar da suka gada daga iyayensu. Tsadar haya, da dogon jiran ganin likita, da rufe masana'antun ɗinki da saƙa da aka san garin da su, duk ba su taɓa yin hakan ba. A maƙwabciyar mazaɓa, Lesta ta Gabas, inda mabiya addinin Hindu suke da yawa, Shivani Raja ta masu ra'ayin riƙau ce ta ci bayan ƙuri'un Leba sun rarrabu tsakanin ɗan takararta da tsofaffin 'yan majalisarta biyu, kuma ita ce kujera ɗaya tilo da jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta ƙwato daga hannun wata a duk faɗin ƙasar a daren da ta zube zuwa kujeru 121 cikin 650. Idan a Kano aka ga ƙuri'a ta bi unguwa da masallaci da wurin bauta haka, da tuni an rubuta cewa ba mu waye ba.

Yanzu a dubi garin da Kawu yake cewa da ciki yake zaɓe. A 1983 Abubakar Rimi, da duk farin jininsa da iya bakinsa, ya bar PRP ya koma NPP, Kanawa suka bar shi suka zaɓi Sabo Bakin Zuwo. A ranar 12 ga Yunin 1993 Bashir Tofa, ɗan gari, ya sha kaye a jiharsa a hannun Abiola, mutumin Abeokuta. A 2003 Rabi'u Musa Kwankwaso yana kan kujerar gwamna, jam'iyyarsa tana mulkin tarayya, amma Malam Ibrahim Shekarau, tsohon malamin makaranta da ba a san shi da dukiya ba, ya kayar da shi. A wannan shekarar ce kuma mazaɓar Birni da Kewaye ta sauke marigayi Ghali Umar Na'Abba, wanda yake Kakakin Majalisar Wakilai, mutum na huɗu a jerin masu mulkin ƙasa. Ashworth ko minista bai kai ga zama ba. A 2011 aka juya aka dawo da Kwankwaso, a 2023 kuma jam'iyyar NNPP, wadda shekara biyu kafin nan ba kowa ne ya san alamarta ba, ta samu ƙuri'a 997,279 a zaɓen shugaban ƙasa a Kano yayin da APC mai mulkin jiha da tarayya ta samu 517,341. A Faggen da muke zaune a daren nan, Aminu Suleiman Goro ya rasa kujerar da ya daɗe a kanta, Barista M. B. Shehu ya karɓa. Idan ciki ne yake zaɓe, ai mai riƙe da baitulmali ba zai taɓa faɗuwa ba, domin shi ne ya fi kowa taliya da sabulu da atamfa. Bakano yana karɓar abin da aka miƙo masa, wannan ban musa ba, amma tarihi ya nuna cewa sau da yawa yana karɓa ya shiga rumfa ya yi abin da ya ga dama.

Abin da Lesta ta fi mu da shi shi ne ƙuri'arta tana isa inda aka aike ta ba tare da ɗan rakiya ba. Mu kuwa sai da muka ƙirƙiro kirarin a kasa, a tsare, a raka, domin mun san abin da ke iya samun akwati tsakanin rumfa da wurin tattara sakamako. Babu Bakanon da ya manta da 2019, lokacin da Abba Kabir Yusuf yake gaba da ƙuri'a 26,655 aka ce zaɓe bai kammalu ba, aka koma zagaye na biyu ranar 23 ga Maris, sunan mazaɓar Gama ya shiga bakin duniya, aka sanar da Abdullahi Umar Ganduje da ratar 8,982. A 2023 ma, bayan an sanar da Abba da ƙuri'a 1,019,602 da Nasiru Yusuf Gawuna da 890,705, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara tabbatar da sauke shi, sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rufe maganar. Wata goma gari yana kwana da ido ɗaya. Mutumin da ya tsaya a rana tun hantsi, ya jira ƙirge har dare da fitilar waya, ya bi akwati a ƙafa, sannan ya yi wata goma yana sauraron alƙalai a rediyo, ya biya wa ƙuri'arsa farashin da maƙwabcina na Lesta bai taɓa biya ba, kuma ba na jin adalci ne a ce wancan ne mai kai.

Ban ce ba mu da namu laifin ba. Mazaɓun cikin birni, Dala da Gwale da Fagge da Birni da Kewaye da Nassarawa, sukan faɗi gefe guda a lokaci guda saboda guguwa, kuma tun da aka koya mana kalmar sak mutum yakan dangwala wa alamar jam'iyya daga sama har ƙasa ba tare da ya san sunan wanda ya aika Abuja ba. A Lesta ɗan majalisa yana da ranar da yake zama a ofishin mazaɓa yana sauraron koke. Haka kuma cikin mutum sama da miliyan biyar da dubu ɗari tara da suka yi rajista a Kano, waɗanda suka fito a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba su kai kashi ɗaya bisa uku ba. Amma ko wannan ma ina ganin doka ta fi mai zaɓe laifi. Shockat Adam fam 500 ya ajiye ya shiga takara, kuɗin da ake mayar wa duk wanda ya samu sama da kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u. Tsarin mulkinmu na 1999 bai yarda da ɗan takara marar jam'iyya ba sam, kuma fom ɗin neman takarar majalisar wakilai a APC a zaɓen 2023 naira miliyan 10 ne. Da a ce akwai wani mai shagon magani a Kurna ko malamin Islamiyya a Ƙoƙi da unguwa ta amince da shi, babu ƙofar da zai bi sai ta ubangida. An rufe wa Bakano wannan zaɓin tun kafin ya iso rumfa, sannan a dawo ana zarginsa da rashin yin sa.

Wataƙila abin da ya sa maganar Kawu ta yi mini zafi haka shi ne kalmar “mu” da ya yi amfani da ita, domin a yadda ya faɗe ta ban tabbata ina cikinta ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan PRP ne na gidi, kuma ya sha ba mu labarin yadda manyansa a NEPU, tun kafuwarta a 1950, suka sha ɗauri da bulala saboda ra'ayi, da yadda gidan Malam Aminu Kano na Gwammaja yake cika da talakawan da ba su zo karɓar ko kwabo ba. A irin wannan gidan na tashi, amma yau ƙasar da ba a haife ni a cikinta ba ta ba ni fensir ta ce in zaɓi wanda zai wakilce ni, ƙasar da aka binne cibiyata kuwa ba ta ba 'ya'yanta da ke waje damar jefa ƙuri'a daga inda suke ba, duk da cewa ba ta taɓa ƙin karɓar kuɗin da muke aikowa gida ba. A zaɓen 2023 ina zaune a ɗaki a Lesta, sanyi yana kaɗawa a waje, ina bin sakamakon Fagge rumfa bayan rumfa ta hotunan da ƙannena suke turo mini, ina jin hayaniyar unguwa a bayan muryoyinsu. Na jefa ƙuri'a a kan Gaza, kuma ban yi da-na-sani ba, amma kwatar da ke cika ta shigo zauren Kawu duk damina ba ni da bakin cewa komai a kanta. Katina na zaɓe yana aljihun akwati tare da fasfo, kuma rumfar da aka rubuta a jikinsa tana makarantar firamaren da na yi, taku kaɗan daga dakalin da Kawu ya zauna ya faɗa mini wannan magana.