Kafin a Sauke Giya, a Tambayi Mai Motar

Ba ciwon da ke cinye kuɗin mai Hilux kamar wanda yake zuwa ya tafi. Mota na tafiya lafiya lau, a tsakiyar hanyar Giwa sai inji ya yi ta kuka, ƙafafu kuwa sun daina ja. A kashe a kunna, ta ci gaba kamar ba ita ba. A kai ta gareji a Sabon Garin Zariya ta ƙi nuna komai.

A nan Ingila da nake zaune, bakanike ba ya ɗaukar sufana sai ya gama yi maka tambayoyi: da sanyin inji take yi ko sai ya ɗau zafi? Da kaya ko fanko? A hawa ko a gargada? Da awa ake lissafa ladansa, don haka ba ya kwance abu a kan zato. A gida kuwa sau da yawa kafin ka rufe baki an ce maka, "Alhaji, giya ce, sai an sauke." A je Panteka a Kaduna a ɗauko ta Beljiyam, bayan mako ciwon ya dawo. Wannan yana ƙona mini rai.

Alhali gwajin ba ya cin ko kwabo. Lokacin da ta daina ja, wani ya duƙa daga gefe ya leƙa farfelar baya, wato dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin mota mai kai ƙarfi zuwa tayoyin baya. In tana juyawa mota na tsaye, giya ba ta da laifi, a nemi aksil ko haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya. Sai a jefa motar ƙafa huɗu, don tayoyin gaba su ma su ja. In ta motsa, magana ta tabbata. In farfela ba ta juyawa, to ciwon yana gaba: kulochi ya cinye yana zamewa, ko man giyar otomatik ya yi ƙasa ko ya ƙone, ko sandar transfa, wadda ake sa ƙafa huɗu da ita, ta suɓuce ta faɗa firi saboda jijjiga.

Kwamfutar gwajin mota da ake ji da ita a nan Ingila tana kama matsalar waya da sensa, amma ba ta ganin haƙorin ƙarfe da ya cinye. A wannan fannin ne bakaniken Zariya ya fi na Ingila: yana da kunne, kuma zai shiga motar ku zagaya har Samaru. Mu masu mota ne muke hana shi, da "a gama mini yau, gobe zan yi Makarfi."