Rumfar zana ma bashi ce

Duk shekara, da zarar an gama yankan hatsi, sai saƙon Yaya ya shigo mini ta WhatsApp. Irin wannan saƙon ba ya ɗaukar doguwar gaisuwa: "Ƙanena, lokacin rumfa ya yi. Ƴan CI da ƴan CP, aji ɗaya da aji biyu, ba su da wurin zama." Shi ne ma'ajin kwamitin lakkol na garinmu a jihar Tawa ta Nijar, kuma ya san ba zan ce a'a ba. Sai in aika abin da ya samu, a sayi zana da dirkoki da igiya, samari su kafa rumfa biyu cikin yini guda. Zuwa watan Mayu ko Yuni iskar farkon damina ta kwashe su, abin da ya saura gara da awaki su ƙarasa. Da kaka ta zagayo, saƙon ya sake shigowa. Da an tara abin da ni da sauran ƴan bida na Abijan da Libiya muka zuba a waɗannan rumfunan, da tuni an yi aji na siminti har da kwano da ƙofa.

Ni ina zaune a Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka, garin da ƴan Nijar suka yi yawa har a wasu shaguna sai ka rantse a kasuwar Katako ta Yamai kake, Zabarmanci ta nan, Hausa ta can. Ranar 17 ga Mayu 2022 aka yi zaɓe a nan, kuma a takardar ƙuri'a, ban da sunayen ƴan takara, akwai tambaya: kun yarda gundumar Gilford, wadda Girinsboro ke ciki, ta ci bashin dala biliyan 1.7 don gina makarantu da gyara su? Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Mutane suka ce sun yarda, kamar yadda suka yarda da wani na dala miliyan 300 a Nuwamban 2020. Akwai dalili. Gine-gine da yawa sun tsufa, rufi na yoyo, na'urar sanyi na mutuwa a tsakiyar zafi, ga shi a Afrilun 2018 guguwa ta ratsa gabashin garin, ɓangaren talakawa, ta lalata makarantun firamare uku, aka rarraba yaransu zuwa wasu wurare.

Yadda ake yi ba wani siddabaru ba ne. Gunduma ta sayar da takardun bashi ga masu jari, ta karɓi kuɗi a dunƙule, ta yi gini, sannan ta dinga biya a hankali cikin shekaru kamar 20, galibi daga harajin gidaje da filaye. Kuɗin na gini ne da gyara, ba a biyan albashi da shi. Tun kafin zaɓe an fitar da jerin makarantun da za a taɓa, kowa ya duba ya ga ko ta unguwarsu na ciki. Kuma gunduma ba ta cin bashi da ganin dama: tun 1931, bayan garuruwa da dama sun kasa biya a lokacin karyewar tattalin arziki, jihar ta kafa hukumar da sai ta duba littafinka ta sa hannu kafin ka fita kasuwa neman rance.

Abin da ya ba ni dariya shi ne, a kan takardar nan guda akwai tambaya ta biyu: a ƙara rubu'in kwabo a kan kowace dala ta harajin sayayya, don a taimaka wajen biya. Wannan kam mutane suka ce ba su yarda ba. Ashe ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. A ci, amma kada a yi zancen biya. Sannan tsadar siminti da ƙarfe ta zo bayan annobar korona, wasu ayyukan suka fi ƙarfin kuɗin da aka tsara musu. Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba da labari.

Da na kwashe wannan na gaya wa Yaya, sai ya yi shiru, can ya ce: "To, wa zai biya? Ɗiyanmu ke nan." Wannan ita ce maganar da kusan kowa ke yi a gida in an ambaci bashin gwamnati, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba. Mun taɓa ƙonewa. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da yuraniyom ke da kuɗi, Nijar ta ci bashi ta yi gine-gine, farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya da tsuke bakin aljihu. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, matakan tsimin da suka shafi ilimi ne suka fito da su titi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk bashin da ake bin mu da kuɗin waje ya ninka cikin dare guda. Zamanin nan ne ya haifar mana da malaman kwantaragi masu jiran ɗan abin da ake ba su a ƙarshen wata. Sai a 2004 muka kai matakin da aka yafe mana kaso mai tsoka a ƙarƙashin shirin ƙasashe matalauta masu tarin bashi. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya ji kalmar rance dole gabansa ya faɗi.

Amma abin da na ce wa Yaya shi ne: ai yanzun ma ɗiyanmu ke biya, kuma da abin da ya fi sefa tsada. Rumfa ba ta kafuwa sai an samu kara, kara kuwa sai bayan girbi. Yaron aji na siminti ya koma lakkol a Oktoba, na rumfa ya jira Nuwamba ko ma Disamba. Da hadari ya fara haɗuwa an sallame shi. Tsakanin nan ga ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa, yara zaune a ƙasa allo bisa gwiwa, muryar mushe na aji ɗaya tana faɗawa cikin ɗayan. Wata biyu ko uku ke zubewa duk shekara, ka ninka da shekara shida na firamare, sannan mu zo muna mamakin yaron CM2, ajin ƙarshe, da bai iya haɗa baƙi ba. Gwamnati da bakinta ta ce akwai ajujuwan zana kimanin 36,000 a ƙasar. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama irinsu a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka ƙone, mafi yawansu ƴan ƙanana. Ranar 8 ga Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, fiye da 20 suka tafi. Ko a 2024 sai da aka ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda ambaliya ta rushe ajujuwa, wasu kuma waɗanda gidajensu suka faɗi na kwana a ciki. Duk wannan biyan ruwa ne a kan bashin da ba mu ma ci ba.

Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, ba za ta iya jiran rarar kasafin kuɗi kafin ta yi gini ba. Yaron da ke da shekara 7 bana ba zai tsaya a 7 ɗin yana jiranmu ba. Aji mai kyau kuwa yana yin shekara 30 ko fiye, don haka ba zalunci ba ne a raba kuɗinsa a kan waɗanda za su zauna cikinsa. Ni dai ina goyon bayan a ci bashi a gina lakkol. Inda nake tsayawa shi ne wane iri, kuma wa ke riƙe da takardar.

Bashin da gwamnatinmu ta fi samu da sauri shi ne na kasuwar yankin sefa, inda baitulmali ke sayar da takardu ta hannun hukumar UMOA-Titres, bankunan yankin su saya. Amfaninsa, da sefa ake ci da sefa ake biya, abin da ya faru a 1994 ba zai maimaitu a kansa ba. Illarsa, gajere ne kuma da tsada: wata uku, shekara ɗaya, uku, biyar, ruwa sama da kashi 6 cikin ɗari. Gina aji da bashin shekara uku tamkar sayen saniyar tatsa ne da kuɗin da za a karɓe ranar kasuwa mai zuwa. Mun kuma ga yadda ƙofar ke rufuwa farat ɗaya, domin bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar saboda juyin mulki a ƙarshen Yulin 2023 ƙasar ta kasa biyan abin da ya nuna, ba ta koma kasuwar ba sai Afrilun 2024. Irin rancen da ya dace da gini shi ne mai dogon zango, kamar na sashen Bankin Duniya mai kula da ƙasashe matalauta, shekara 30 ko fiye, da ɗan ruwa kaɗan, ko na Bankin Musulunci. Shi ma yana zuwa da sharuɗɗansa da siyasarsa, kuma da kuɗin waje ne.

Na san akwai masu cewa duk wannan riba ce da addini ya haramta, kuma ba na raina maganar. Sai dai akwai hanya. A 2013 jihar Osun ta Najeriya ta fitar da sukuk, wato takardun rance irin na Musulunci da ba a ɗora musu ruwa, na naira biliyan 11.4 musamman don gina makarantu, Senegal ma ta yi nata sukuk ɗin da sefa a 2014. Abin da ya burge ni a sukuk ba fatawar kaɗai ba ce. Tsarinsa na tilasta a ɗaure kuɗin a jikin wani abu da ake iya nunawa da yatsa.

Nan ne bambancin gaske yake tsakanin nan da gida. Bashin Gilford yana da suna, yana da jerin makarantu. Namu in an ci sai ya faɗa tukunya guda da albashi da tsaro da man motoci da biyan tsohon bashi, babu uban da zai iya cewa ga rabon lakkol ɗin garinmu. Ban ce mu kwafi na Amurka ba, ba zai kwafu ba. Su kowane gida da fili na cikin rajista da ƙimarsa, mu kuwa magajin gari da harajin kai da tikitin kasuwa yake lallaɓawa, babu mai ba shi rancen shekara 20. Tsarin nasu ma yana da mugun gefe, domin gunduma mai arziki ta ci bashi mai yawa cikin sauƙi, ta ƙauye ta zauna da tsohon gini. Da za a yi haka a gida, Yamai da Ƙonni za su gina, Tasara da Tiliya su yi ta kallo. Gwamnatin tsakiya ce ya kamata ta ci bashin. Jerin kuwa, ba ya bukatar arziki, takarda ce da manne.

Kuma muna da waɗanda za a danƙa wa jerin. Mutane na mantawa cewa a jihar Tawa aka fara gwada kwamitocin lakkol da iyaye ke zaɓa da ƙuri'ar sirri, a 2004, cikin wani shiri da Japan ta tallafa, kafin a baza shi duk ƙasa. Waɗannan kwamitocin, su Yaya ke nan, shekara 20 suna tara gudummawa, suna kafa rumfa, suna karanta lissafi a gaban taron gari. Me zai hana a rubuta a allon ƙofar kowace lakkol: aji nawa, kuɗi nawa, wane ɗan kwangila, yaushe zai gama, kuma kada a biya shi kason ƙarshe sai kwamiti ya sa hannu? A garinmu akwai aji biyu da wani ɗan kwangila ya yi, damina ta uku bangon ya tsage, ƙofofi suka ɓalle, ba wanda ya san ko nawa aka ba shi, balle wa za a kama. Yanzu jakuna ke fakewa a ciki, yara na rumfa a gefensa.

Wannan ya kawo ni ga gyara, maraya a duk zancen gine-ginenmu. Babu mai yanka kirtani don an toshe yoyo ko an sake kwano, shi ya sa babu mai so. A Gilford kaso mai yawa na bashin a kan tsofaffin makarantu ya tafi, rufi da wayoyin wuta da famfo. Duk rancen da za mu ci, a ware wa gyara rabonsa tun a takarda, kuma a bar shi kusa, hannun komin, wato ƙaramar hukuma, da kwamiti, ba sai an rubuta wasiƙa Yamai don kwano biyar ba. Haka jami'o'i. An buɗe ta Tawa da ta Maraɗi da ta Damagaram a 2010, aka ƙara huɗu a 2014, ɗalibai na ƙaruwa duk shekara, ɗakunan karatu da na kwana ba sa bin sawu. Da Tawa Sakola, shirin ƙawata garin Tawa don bikin ranar Jamhuriya, ta zo a 2017, mun ga yadda gari ke canza kama cikin watanni in an sa rana kuma manya za su zo kallo.

Saƙon bana ya shigo makon jiya. Rumfa uku ake so, don an samu ƙarin yara. Na aika, na kuma roƙi Yaya ya tambayi direkta ko sunan garinmu na cikin wani jeri na ajujuwan da za a gina. Ya ce ya tambaya, direkta ya ce shi ma zai tambayi sufeto.