Wane ne Lamba Ɗaya? Fushin 'yan kallon 1968 da bashin da ke kan mai ba da labari

A farkon watan Fabrairun 1968 gidajen talabijin na ITV a Birtaniya suka nuna kashi na 17, wanda shi ne na ƙarshe, na wani shirin leƙen asiri mai suna The Prisoner, wato Fursuna. Ana gamawa layukan wayar gidan talabijin suka cushe da kiran mutanen da ransu ya ɓaci. Jarumin shirin, Patrick McGoohan, wanda shi ya rubuta wannan kashi kuma ya ba da umarninsa, ya faɗa daga baya cewa sai da ya ɓuya na ɗan lokaci har ƙura ta lafa. Yau shekara hamsin da ɗoriya ke nan, masoyan shirin ba su gama musu a kan daren nan ba. Wasu na cewa gwaninta ce da babu irinta a tarihin talabijin, wasu na cewa mutumin ya ƙulla abin da ya kasa warwarewa ne, ya watsa wa jama'a ƙasa a ido ya gudu.

Na kalli kashin nan, mai suna Fall Out, ya fi a ƙirga, kuma ra'ayina shi ne: waɗanda suka yi fushi suna da hujja, bai kamata a riƙa yi musu kallon marasa fahimta ba. Amma ƙorafinsu mafi girma, wai ba a amsa musu tambayarsu ba, wannan kam ba gaskiya ba ne. An amsa. Amsar ce ba ta yi musu daɗi ba.

Ga wanda bai san shirin ba, labarin wani jami'in asirin Birtaniya ne da ya shiga ofis a fusace ya dangwarar da takardar murabus, ya koma gida yana haɗa kaya. Sai aka busa masa hayaƙin sa barci ta kafar makulli. Da ya farka sai ya tsinci kansa a wani ƙauye mai kyan gani a bakin teku, inda babu mai suna, kowa lamba gare shi. Shi aka ba shi Lamba Shida. Mai gudanar da ƙauyen shi ne Lamba Biyu, kuma kusan kowane mako sabon mutum ne a kujerar, domin wanda ya kasa tatsar bayani daga bakin fursunan sai a sauya shi. Abu ɗaya suke nema: me ya sa ka yi murabus? Shi kuma abu ɗaya yake tambaya: wane ne Lamba Ɗaya? Duk wanda ya yi yunƙurin tserewa, wata ƙatuwar farar balan-balan ce za ta biyo shi ta danne masa fuska har ya suma.

Tun daga ƙarshen Satumban 1967 ake maimaita wa mutane wannan tambaya a buɗewar shirin, mako bayan mako. Alkawari kuwa kaya ne. Mai tatsuniya da ya ce ga ta nan ga ta nanku, aka amsa masa ta zo mu ji ta, ya ɗauki bashi, kuma ba zai tashi daga dandali ba sai ya kai ga ƙurunƙus. Magidancin da ya dawo daga masana'anta a Birmingham ya zauna gaban akwatin talabijin wata huɗu yana jiran a nuna masa fuskar mai ƙauyen, ba laifinsa ba ne don ya sa rai. Shirin ne ya koya masa sa ran.

Sannan a duba waɗanda suke kallon, da abin da suka saba gani. McGoohan ba baƙo ba ne a gidajensu. Tun 1960 suke ganinsa a Danger Man yana fitowa a matsayin John Drake, jami'in asiri mai kamun kai, wanda da wuya ka gan shi da bindiga, kuma ba ruwansa da neman mata. Kowane kashi na wancan shiri yana da matsala, yana da mai laifi, yana da warwara kafin lokaci ya cika. Da yawa sun ɗauka Lamba Shida shi ne Drake bayan ya ajiye aiki, duk da McGoohan ya sha musanta haka. A sinima kuwa finafinan James Bond sun riga sun saba musu da wani bos da yaransa ke kira Lamba Ɗaya, wanda ake nuna hannunsa yana shafa farar kyanwa amma a ɓoye fuskarsa, har sai a 1967 aka bayyana ta, da tabo a gefen ido. Wato 'yan watanni kafin Fall Out an nuna musu yadda ake biyan irin wannan bashi: a ɗaga labule, ga mugu nan, a tsane shi, a je a kwanta.

Zamanin ma ya taimaka. Ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka. Kim Philby, babban jami'in asirin Birtaniya da ya daɗe yana yi wa Tarayyar Sobiyet aiki, ya gudu Mosko a 1963. George Blake, wanda aka yanke wa shekara 42 kan irin wannan laifi, ya haura katangar kurkuku a Landan a 1966 ya ɓace. Don haka tambayar da ke bakin kowa game da ƙauyen ita ce: na wane ɓangare ne, namu ko nasu?

To me aka nuna musu? An shiga da Lamba Shida wani babban zaure a ƙarƙashin ƙasa, inda wata majalisa ta mutane masu rufaffun fuskoki ke zaune, ga alƙali a kan mumbari. Aka gurfanar da masu tawaye biyu, wani matashi da ba ya jin magana da wani tsohon Lamba Biyu da ya juya wa iyayen gidansa baya. Shi kuwa Lamba Shida aka yaba masa, aka ce ya ci jarrabawa, aka ba shi fasfo da kuɗi da makullin gidansa, aka ce ya zaɓa: ya shugabance su ko ya tafi. Da ya hau zai yi jawabi, duk lokacin da ya buɗe baki sai majalisar ta kaure da ihu da dukan tebur, ba a ji ko jimla ɗaya tasa ba. Daga nan aka kai shi cikin wata roka, ga Lamba Ɗaya cikin farar alkyabba. Ya fizge abin rufe fuskarsa, sai ga fuskar biri. Ya fizge wannan ma, sai ga fuskarsa shi kansa tana ƙyalƙyata dariya. Duka abin 'yan daƙiƙoƙi ne, a talabijin mai hoto baƙi da fari, domin ITV ba ta fara watsa shirye-shirye masu launi ba sai 1969, kuma a lokacin babu na'urar da mutum zai mayar da hoto baya ya sake dubawa. Wanda ya sunkuya ɗaukar kofin shayi ya rasa amsar wata huɗu.

A nan nake tare da masu fushi. Akwai gaggawa a jikin kashin nan, kuma ana ganinta. McGoohan ya ce shi kashi bakwai ya so yi. Lew Grade, mai kamfanin ITC da ya zuba kuɗin, yana son 26 don ya sayar wa Amurka, aka tsaya a 17. George Markstein, editan labarin, wanda ya fi karkata ga labarin leƙen asiri na zahiri mai kai da gindi, ya bar aikin kafin a kai ƙarshe. Sai ragamar ta koma hannun mutum ɗaya, a ƙurarren lokaci. Shi ya sa ake ta tsalle-tsalle da waƙe-waƙe a zauren nan fiye da kima, shi ya sa kuma harbe-harben da aka yi wajen tserewa suka zo kamar daga sama, a shirin da jaruminsa ya yi suna da ƙin bindiga. Masu kare shirin sukan ce kowane ɗigo da gangan aka yi shi. Ban yarda ba. Wani wurin hikima ce, wani wurin gajiya ce da ƙarancin lokaci, kuma son abu bai kamata ya hana mutum faɗin haka ba.

Amma fuskar da ke ƙarƙashin fuskar birin ba gaggawa ce ta haife ta ba. Masoyan shirin sun daɗe da lura da wani abu a buɗewarsa, wanda da Hausa ma yana fita sarai. Fursuna ya ce, wane ne Lamba Ɗaya? Sai a ce masa, kai ne Lamba Shida. Sa ɗan numfashi a tsakiya ka ji: kai ne, Lamba Shida. Ko da niyya aka tsara haka tun farko ko daga baya aka hango, lambar da ke ƙofar gidan mutumin a Landan ita ce 1. A hirar da ya yi da wani gidan talabijin na Kanada a 1977, McGoohan ya bayyana cewa mafi sharrin abin da mutum zai yi yaƙi da shi yana cikinsa ne, kuma ya ce fushin jama'a daɗi ya yi masa. Ɗan Katolika ne mai riƙo da addininsa, kuma duk wanda ya tashi yana jin malamai na gargaɗi a kan son zuciya ba zai ga baƙon abu a wannan magana ba. Kashi goma sha shida mutumin nan yana taƙama da cewa shi ɗa ne mai 'yanci, ba wanda zai mayar da shi lamba, mu kuma muna tafa masa. A kashi na ƙarshe aka nuna cewa wannan ni, ni, ni ɗin da ya hana shi rusunawa shi ne kuma zai iya zama sarkin kurkukun. Da an fito da wani janar na Rasha ko wani attajiri mai tabo a fuska, da mutane sun kwana da daɗi, da kuma zuwa bazara sun manta da shirin, kamar yadda aka manta da tarin shirye-shiryen leƙen asiri na shekarun nan.

Abin da ya fi damuna a musun yau shi ne yadda ɓangarorin biyu ke raina juna. Masu yabo na ɗaukar kansu 'yan boko masu zurfin tunani, suna ganin masu suka 'yan neman faɗa da tseren mota ne kawai. Alhali mutumin da ya ɗaga waya a fusace a daren nan ya fi kowa ba shirin muhimmanci. Ba a yin fushi da abin da ba a damu da shi ba. Kuma ƙauyen da ya ba shi tsoro a 1968, mai na'urorin ɗaukar hoto a kowane lungu da fayil a kan kowane mutum, yau ba ya bukatar dogon bayani ga wanda banki da kamfanin waya suka fi saninsa da lamba fiye da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Wurin da aka ɗauki shirin, Portmeirion a arewacin Wales, wanda ba a rubuta sunansa a allo ba sai a wannan kashi na ƙarshe, har yanzu masoya na taruwa a can suna sake wannan musu.

A mintunan ƙarshe, waɗanda suka tsira sun iso Landan a bayan wata babbar mota. Matashin ya sauka a hanya yana neman mai rage masa zango, tsohon Lamba Biyu ya nufi ginin majalisar dokoki, Lamba Shida ya shiga ƙaramar motarsa ya tafi. Sai ɗan gajeren hadimin nan na Lamba Biyu da bai taɓa furta kalma ba tun farkon shirin ya doshi gidan mai lamba 1. Bai taɓa ƙofar ba, ta buɗe da kanta, da irin ƙarar nan da ƙofofin ƙauyen ke yi.