Ranar da muka ajiye sunayen wasa

Ƙanen mahaifina ya kira ni daga Kano makon jiya. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da sanyin Amurka, sai ya ce, "Ɗana, an ce min ka je zaman makokin Bayahude. Haka ne?" Na ce, "Haka ne, Baffa." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah ya kyauta." Na san nauyin wannan Allah ya kyauta ɗin, kuma ba zan tsaya ina ja-in-ja da baffana a waya ba. Amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa nake rubuta wannan.

Shekara shida ke nan ina cikin wata ƙungiya a yammacin jihar Pensilbeniya, reshe ce ta Society for Creative Anachronism. An kafa uwar ƙungiyar ranar 1 ga Mayu 1966 a garin Berkeley na Kalifoniya, daga wata 'yar gasar takubba da wasu matasa suka shirya a filin bayan wani gida. Yau ta kasu masarautu 20. Aikinta raya rayuwar mutanen da suka gabaci shekarar 1600: suturarsu, girkinsu, rubutunsu, ƙirarsu, yaƙinsu. Kowa zai zaɓi zamani da ƙasa, ya raɗa wa kansa suna irin na can, ya ɗinka kayansa. Sarki ma da faɗa ake samun sa, da takobin icen rattan mai kama da gora, ya yi 'yan watanni ya sauka. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan daushe, ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke suna wucewa da kwalkwali a ka, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mu ma muna sa kayan yaƙin kakanni don kada a manta da su.

Ni bafatake na zaɓa, mutumin Kano na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Abokina kuwa ya zaɓi ya zama ɗan kasuwa Bayahude na birnin Fustat a Masar, zamanin da Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa, yake zaune can yana likitanci, kafin rasuwarsa a 1204. Sulke ya haɗa mu. Shi yake saƙa shi da hannu, zobe bayan zobe, filaya biyu a hannu, kowane zobe ya sarƙe da huɗu. Da na nuna masa hoton hawan sallah a wayata, wuni ya yi yana min tambayoyi. Kuma ba daɗin baki kawai muke yi wa juna ba. Shi ya fara tuna min cewa Shehu Al-Maghili, kafin ya iso Kano wajen Rumfa, ya jagoranci tayar wa Yahudawan Tuwat, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, har aka rushe majami'arsu ta Tamantit. Mun raba dare muna musu a kan wannan a bakin wuta, da safe kuma muka karya tare.

Wata biyar muka yi da sanin juna kafin na san sunansa na yanka. Haka ƙungiyar take. Za ka san mutum da "ranka ya daɗe" da "ranki ya daɗe", ka san irin garkuwarsa, ba ka san inda yake aiki ba. Masu kushe mu suna cewa abotar irin wannan wuri ta wasa ce, da an tuɓe kaya ta ƙare. Ni ma can cikin raina na ɗan yarda da su, sai da watan Fabrairu ya zo.

Mahaifinsa ya rasu daren Talata, aka binne shi Laraba da rana. Gaggawar ta fara ba ni mamaki, don na saba ganin a ƙasar nan ana ajiye gawa mako guda ko fiye. Su Yahudawa ba haka suke ba. Suna da 'yan sa kai da suke kira hebra kadisha, su ke yi wa mamaci wanka, su sa masa farin likkafani marar aljihu, maza ga namiji, mata ga mace. Ba a barin gawa ita kaɗai har a kai ta, akwai mai zama kusa da ita yana karanta Zabura. Akwatin katako ne zalla, ba fenti, ba ado, ba furanni. A maƙabarta na tsaya daga baya, ban shiga addu'arsu ba, ba kuma wanda ya nemi in shiga. Daga inda nake na ga abokina ya ɗauki shebur ya juya shi, ya ɗebi ƙasa da bayansa, alamar aiki ne da ba da son rai ake yin sa ba. Ƙasar ta daskare da sanyi, ƙarar faɗuwarta a kan katakon har yau tana kunnena. Da ya gama bai miƙa wa kowa shebur ɗin ba, soka shi ya yi a tarin ƙasa, na bayansa ya zare da kansa. A layin masu jiran shebur na ƙirga 'yan ƙungiyarmu goma sha ɗaya, cikin baƙaƙen riguna, ba rawani, ba takobi. Ranar ce aka fara kiran juna da sunan gaskiya.

Daga maƙabarta ake shiga abin da suke kira shiba, wato bakwai. Kwana bakwai masu rashi suna zaune a gida. Na je rana ta biyu. A bakin ƙofa har lokacin akwai butar ruwa da tawul da aka ajiye wa masu dawowa daga maƙabarta su wanke hannu. Ƙofar a buɗe take, ba a ƙwanƙwasawa. An rufe madubai da zannuwa, ga doguwar kyandir tana ci a kan tebur, wadda za ta kai kwana bakwan. Abokina yana zaune a kan wata 'yar gajeriyar kujera kamar ta tsakar gida, ba takalmi sai safa, gemu ya fara tohowa, rigarsa a yage ta ɓarin hagu daidai zuciya. Wanda ya rasa uwa ko uba ta hagu yake yagawa, sauran dangi ta dama.

Na shiga da bakina cike da gaisuwa irin tamu, ya haƙuri, ya muka ji da rashi, Allah ya ba da dangana. Sai wata dattijuwa 'yar ƙungiyarmu, wadda ita ba Bayahudiya ba ce amma ta riga ni tambaya, ta tare ni a zaure ta ce a hankali, "Ɗan'uwa, kar ka gaishe shi. Ka zauna kawai. Shi zai fara magana in ya so." Al'adar tasu daga labarin Annabi Ayuba suka ɗauko ta, yadda yake a littafinsu: abokansa uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan, saboda sun ga girman abin da ya same shi. Na zauna. Kusan minti ashirin ba a ce komai ba. Ga Bahaushe wannan shirun da nauyi, amma ana cikin haka na gane cewa yawancin abin da nake son faɗa, don in sauke wa kaina nauyi ne. Can sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ka san filayar nan tawa mai jan hannu? Ta babana ce." Daga nan ya ɓalle da labari. Mahaifinsa makaniki ne, kuma bai taɓa fahimtar dalilin da ƙaton mutum mai 'ya'ya zai zauna yana saƙa rigar ƙarfe ba. Amma duk ranar Lahadi sai ya shiga gareji ya naɗe waya a jikin rodi, ya yanka masa zobba cike da gwangwani, ya ajiye ba tare da ya ce komai ba. Yana faɗa yana kuka, ni ma na yi. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.

Abinci ne ya fi tsaya min a rai. A wajensu, abincin farko bayan binnewa ba ya fitowa daga tukunyar masu rashi, maƙwabta ke kawowa: dafaffen ƙwai, da ƙananan waken nan da Larabawa ke kira adas, da burodi mai da'ira. Sauran kwanakin ma jama'a ke ɗauka. Matar da ke shugabantar girki a bukukuwanmu, wadda na sha ganin ta ciyar da mutum ɗari da hamsin, ita ta raba ranakun. Ta san gidan suna kiyaye dokar abincinsu, ba sa haɗa nama da madara, ba sa cin abin da aka dafa a tukunyar da ba su sani ba. Gwanar girki ce, amma ta haƙura da gwanintarta, ta riƙa zuwa shagunan Yahudawa a unguwar Squirrel Hill cikin Pittsburgh tana sayo abinci a rufe da hatiminsa. Ba ta ce ai niyya ce gaba ba. Ta tambaya, ta bi. Ni dabino na kai.

A nan na ji kunya a madadinmu. Wannan koyarwar tamu ce tun fil azal. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya zo daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci, don abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Yau ka je gidan rasuwa da yawa a garuruwanmu, matan gidan da idonsu bai bushe ba su ne a gindin murhu suna tuƙa tuwon baƙi, magada suna neman bashin hayar rumfa da kujeru, mu kuma muna kan tabarma a waje muna hirar siyasa da ƙwallo. Da an yi sadakar uku kowa ya kama gabansa. Ban ce mu ari zaman kowa ba, namu kwana uku ne, mai takaba kuma wata huɗu da kwana goma, kuma ya ishe mu. Abin da ya ɓace mana shi ne mai dawowa a mako na shida, lokacin da gida ya yi tsit.

Baffa, na san abin da ke ranka, kuma yana raina. Abin da ake yi wa mutanen Gaza yana ƙona min zuciya, abokina ya san haka, mun yi musu mai zafi a kai, akwai lokacin da muka yi mako biyu ba mu kira juna ba. Amma wanda na je wa ta'aziyya ɗa ne da ya binne ubansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Kafin in je na tambayi limamin masallacinmu, ya ce in je, in yi wa mai rai fatan haƙuri, in tsaya iya nan. Haka na yi. Kuma a wannan gari abin ba sabo ba ne. Ranar 27 ga Oktoba 2018 da wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a majami'ar Tree of Life a wannan unguwa ta Squirrel Hill, Musulman Amurka sun tara fiye da dala 200,000 don taimaka wa iyalan.

Bayan kwana bakwai makokin yana ci gaba da sassauci har kwana talatin, ɗan da ya rasa mahaifi kuma zai yi wata goma sha ɗaya tun daga binnewa yana karanta wata addu'a kullum, Kadish. Galibinta da yaren Aramiya take, kuma ko kalma ɗaya ta mutuwa babu a cikinta, girmama sunan Ubangiji ce da roƙon zaman lafiya. Sharaɗinta, ba a yin ta shi kaɗai. Sai Yahudawa baligai goma sun taru, abin da suke kira miniyan. A ganina hikimar tana nan: an ɗaure mai baƙin ciki da jama'a, an ɗaure jama'a da shi, kusan shekara guda.

Ƙarshen Yuli lokacin Yaƙin Pennsic ne, babban taron ƙungiyarmu, wanda aka fara a 1972. Mako biyu ake yi a filin Cooper's Lake, tafiyar kamar awa ɗaya arewa da Pittsburgh, mutum wajen 10,000 a tantuna. Abokina ya ce ba zai zo ba, don mai makokin iyaye yana nisantar kiɗa da shagali har wata goma sha biyu, ga kuma Kadish. Amma ɗalibansa na sulke sun daɗe suna jira, sai ya yarda ya zo wuni ɗaya ya koyar, ya koma kafin a fara kiɗan dare. Darasi ya ja, rana ta yi sanyi, ya duba agogo ya ga ba zai kai majami'a a kan lokaci ba. Fuskarsa ta canza.

Ba wanda ya shirya abin da ya biyo baya. Mai shelarmu, mutum mai murya kamar kakaki, ya miƙe ya bi layin tantuna yana sanarwa ana neman Yahudawa don addu'ar mai makoki. Yara biyu suka ruga wajen 'yan kasuwa. Ni na bi ta filin daga, inda mayaƙa ke tuɓe kaya. Suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya: wani da kayan mayaƙan jirgin ruwa na arewacin Turai, wani da rigar Farisa, wani dattijo yana dogara sanda, wani saurayi gumi na ɗiga daga ƙarƙashin lifidinsa. Yawancinsu ba su taɓa ganin abokina ba. Ba sa ƙirga mutane da ɗaya, biyu, uku, wata aya mai kalma goma daga Zabura suke bi, kowane mutum kalma ɗaya. Aka bi ayar ta tsaya a ta tara. Muna tsaye mu fiye da ashirin, masu ƙaunarsa, ba ko ɗaya a cikinmu da zai cike gurbin, kuma ba wanda ya ji haushin haka. Mai shela ya sake komawa. Bayan kamar minti goma sai ga shi da wani maƙeri, hannunsa baƙi ƙirin da gawayi, yana goge shi a jikin walkinsa.

Suka fuskanci gabas. Muka ja da baya muka yi musu shinge don masu wucewa su kewaya. Muryarsa ta karye a farko, sai tara ɗin suka amsa da amin mai ƙarfi, ya ci gaba. Ni ina gefe riƙe da jakar kayan aikinsa, filayar mai jan hannu ta leƙo daga bakinta. Da suka idar, magariba ta yi, ya karɓi jakarsa, ya tsaya a bakin tantina yana kare masu wucewa har na sallame.