Hayar Mota a Turai: Mai Nakasa Sai Ya Yi Roƙo?

Abin haushi ne wallahi. Mutum yana da lasisi, ya shekara da shekaru yana tuƙi da birki da totur na hannu, amma ya tashi hayar mota a Turai sai a mayar da shi kamar mai bara.

Shiga shafin kamfanin haya ka gani. Kujerar jariri? Danna kawai. Ƙarin direba? Danna. Na'urar tuƙi da hannu kuwa babu ko gurbinta, sai dai ka buga waya, wannan ya haɗa ka da wancan, a ƙarshe a tura ka wani ƙaramin kamfani mai tsadar tsiya. Ga shi na'urar galibi sai da mota otomatik, su kuma can masu giyar hannu sun cika garejinsu.

A Amurka, albarkacin dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990, manyan kamfanoni suna ɗaura na'urar kyauta in ka sanar da wuri. To me ya gagara a Faransa ko Italiya? Wai ka ɗauki direba. Da direba mutum yake so, ai da bai wahalar da kansa ya koyi tuƙi ba!